Margar da Ta Tsallake Darni

An ce wai a wani gari an yi wani tsohon falke mai suna Barau, wanda da ƙafa ta gaji ya ajiye fatauci ya zauna gida. A tafiyarsa ta ƙarshe ya dawo da 'ya'yan marga ƙulle a bakin rawani, domin ya ga itacen a wata ƙasa ya yi fure rawaya har yana zubowa, zuciyarsa ta kamu.

Irin marga taurin kai gare shi. Sai da Barau ya goga kowace ƙwaya a dutse, ya jiƙa ta a ruwan ɗumi, sannan guda ɗaya tak ta yarda ta tsiro. Ya dasa ta a bayan gida jikin darni, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ya kafa mata rumfa don kada rana ta taɓa ta. Matarsa har tsiya take masa, wai ko 'ya'yan cikinsa bai yi musu wannan hidima ba.

Shekaru suka shuɗe, marga ta girma, amma Barau bai sauke rumfar ba, don a idonsa har yanzu jaririya ce. Ita kuwa da ta rasa rana a gida, sai ta karkata ta tsallake darni zuwa gidan maƙwabcinsa Tanimu maɗinki, daidai inda yake alwala. Bazarar da ta fara fure, kaf furen a can ya sauka. Barau dai gindi da ɓawo ya samu, sai ƙamshi in iska ta ga dama. Da ya ji mutane suna cewa "margar gidan Tanimu", baƙin ciki ya hana shi cin tuwo.

Ya ɗauki gatari zai sare rassan da suka ƙetare, Tanimu ya riƙe hannunsa, magana ta kai gaban Alƙali Buhari.

Barau ya ce, "Allah gafarta malam, ni na shuka, ni na yi wahala. Ga tsufa ya zo, ban roƙi komai ba illa in zauna ƙarƙashin furenta kafin ta Allah ta kasance."

Tanimu ya ce, "Allah gafarta malam, ban ja ta da igiya ba, da kanta ta zo. Ruwan butata take sha safe da yamma. In Baba ya sare ta, ni da shi duk mun tashi a tutar babu."

Alƙali bai yanke hukunci ba sai da ya je ya duba itacen ta kowane gefe. Ya yi murmushi ya tambayi Barau, "A garin nan, in mutum ya ba ɗan'uwansa riƙon ɗa, ɗan ya tashi daga zama na ubansa?"

"A'a, ɗa na ubansa ne."

"Uban yana zuwa ya ƙwace shi bayan ya yi ƙiba a hannun mariƙi?"

Barau ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan abin kunya ne."

Alƙali ya juya ga Tanimu. "Mariƙi fa, yana rufe wa uba ƙofa?"

"Subhanallahi! Tabarma ma yake shimfiɗa masa."

Alƙali ya ce, "To, kun yanke wa kanku. Marga 'yar Barau ce, da sunansa za a kira ta, riƙonta kuwa yana hannun Tanimu. A mayar da gatari, a buɗe ƙofa a darnin nan, a shimfiɗa wa uba tabarma."

Kafin la'asar an yanke kara an fitar da ƙofa. Barau ya shiga da sallama kamar baƙo, ya zauna, ya ɗaga kai. Fure ya rufe sama, ƙudan zuma na ta kai da kawo, wasu furanni suka zubo masa a hula. Tsoho ya yi dariya har da hawaye.

Ya ce, "Tanimu, ashe haka ka riƙe mini ita?"

"Baba, ai tarbiyyar gida ce ta biyo ta."

Tun daga ranar a nan suke hirar yamma, ɗaya na ɗinki, ɗaya na ba da labarin hanya. Masu hankali suka ce: abin da ka yi renonsa in ya yi kyau a gidan wani, kada ka nemi gatari, nemi ƙofa.