Hazon Da Ya Kashe Maharbin Galih

Akwai wani mutum a garin Malang mai suna Danang. Shekara biyar yana jan wasan labari a bayan shagon kofi na wata mata da ake kira Mbak Sekar, duk Lahadi bayan la'asar. Shi ke zama bayan wani kwali mai ɓoye takardunsa yana tsara duniya da abokan gaba, sauran 'yan wasa kuma kowa da jaruminsa a rubuce a takarda. Danang ya iya, wannan babu gardama. Matsalarsa ita ce ya san ya iya.

Kafin kowane faɗa, 'yan wasa sai sun jefa ƙwaya irin ta lido, mai fuska ashirin. In lamba babba ta fito, jaruminka ya hango abokan gaba tun daga nesa, sai a ajiye su can ƙarshen taswira. In ƙarama ce, sai dai ka gan su a kanka. Kuma al'adar teburinsu, duk wanda jaruminsa ya mutu, shi zai yaga takardar da hannunsa, babu dawowa.

Cikin 'yan wasan akwai Galih, mai gyaran babur, mutum marar hayaniya. Shekara biyu yana rainon wani maharbi da ya sa wa suna Kelana, har takardar ta yi laushi don sharewa da sake rubutu.

Wata Lahadi Danang ya yi kuskure a wata ƙa'ida, ga baƙi biyu sun zo kallo. Galih ya ce a hankali, da kalmar girmamawa ta garin, "Mas, ina ga littafin wasan ba haka ya ce ba." Aka duba, Galih ne da gaskiya. Aka ɗan yi dariya aka wuce. Danang ma ya yi dariyar, amma ta ciki na ciki, ya ƙullaci Galih har mako ya zagayo.

A wasa na gaba, jarumai suna tafe a fili, 'yan fashi suna jiransu. Galih ya jefa ƙwaya, sha tara ta fito. Bisa ƙa'ida, gida talatin na taswira ne tsakaninsu, kuma a wannan nisa babu mai iya wa maharbi.

Danang ya kalli lambar, ya ce, "Hazo ya sauko, ba ka ga komai ba." Ya ɗauki 'yan fashi huɗu ya jera su a jikin Kelana.

Wulan, mai rubuta abin da ya faru kowane mako, ta ɗaga kai. "Mas, yanzu fa ka ce rana tsaka ce, sama garau."

"Ni ke jan wasan ko ke?"

Zagaye biyu aka yi Kelana ya faɗi. Galih ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya yaga ta biyu, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Na gode, Mas," ya hau babur ɗinsa. Soyayyen tempe, wainar waken soya da aka kawo masa, ko taɓawa bai yi ba. Daɗin da Danang ya zata zai ji bai zo ba, ya koma gida jikinsa a sanyaye.

Lahadi ta zagayo, kowa ya zo har da Galih. Danang ya ce a jefa ƙwaya a ga wa zai hango abin da ke gaba. Babu wanda ya miƙa hannu.

Wulan ta ce, "Jifan me kuma, Mas? Ka faɗa mana abin da ka ga dama kawai, mu huta."

Danang ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce, "Babu wani hazo, ni na ƙirƙiro shi don haushin gyaran da ya yi min. Galih, ka yafe min. Kawo takardar a manna, Kelana ya dawo."

Galih ya girgiza kai. "Na yafe, Mas. Amma haushinka ne ya kashe shi, yanzu kuma kunyarka ce za ta tashe shi? Ni ba takardar ce ta fi yi min ciwo ba. Shekara biyu ina jifa a teburin nan, yanzu ban san wane jifa ne ya yi aiki ba, wanne ne ka ga dama ka bar min."

Danang ya ninke kwalin, ya tura shi gaban Wulan don ita ta ja wasan, ya koma kujerar 'yan wasa ya zauna kansa a ƙasa.

Darasi: Duk wanda aka ba wa alƙalanci, ko a wasa ne, amana aka ba shi. Zalunci ɗaya ya isa ya sa a yi shakkar duk adalcin da ka yi a baya, kuma ba kowace ɓarna ce haƙuri ke gyarawa ba. Ku tura wa duk wanda ke riƙe da hukunci a hannunsa, a gida ko a wurin aiki.