Murfin Masai a Gidan Hayar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Kura ce ta gina gidan haya, Jaki ya kama ɗaki. Ranar da ya tare ta ce, "Sharar kwata taka ce, yasar rijiya ma taka. Masai kuwa, da murfinsa da abin da ke ciki, nawa ne, ni mai gida."

Damina ta sauka, murfin ya tsage. Jaki ya je ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, murfin nan zai rufta da wani."

"Bari sai bayan damina."

Da kaka ya koma. Ta ce, "Daminar baɗi nake nufi."

Ran nan Kura ta zo da sabon zane, tana neman dalilin ƙarin haya. Ta hau murfin tana tsalle, wai don Jaki ya ga lafiyarsa ƙalau. Sai ji aka yi tsundum.

"Jaki, ɗan'uwana, miƙo igiya!"

Jaki ya leƙa ya ce, "Ranki ya daɗe, abin da ke ciki naki ne, ba na taɓa kayan mai gida. Amma zan tuna miki bayan damina."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, wanda bai yarda ba ya je ya leƙa.