Makarantar Faɗa ta Malam Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in dai ba ta jiya za ki maimaita ba.

Sabuwa ce fil, ku dai ku rufe min baki.

Wai Kurege ne, tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa marin ko ƙuda ba, amma duk garin dabbobi tsoronsa ake ji. Dabararsa guda ce, ba ya tsokanar faɗa sai a tsakiyar kasuwa. Sai ya tuɓe riga, ya zare ido, ya yi kukan kura kan abokin faɗa. Jama'a su yi caraf su riƙe shi, shi kuwa yana fizge-fizge yana cewa, "Ku sake ni in kashe shi!" A yi ta ba shi haƙuri, ya sa rigarsa ya tafi yana huci.

Ana nan sai Kura ta tare hanyar rafi, duk wanda ya je shan ruwa sai ya dawo babu kunne ko babu wutsiya. Dabbobi suka taru wurin Kurege, Jaki ya ce, "Malam, ka koya mana kare kai, mun gaji."

Kurege ya ce, "Kowa ya zo da ƙwaryar gyaɗa."

Aka kawo gyaɗa, aka fara karatu. A tuɓe riga, a zare ido, a ce ku sake ni. Tunkiya ta ce, "Malam, in duk mun iya, wa zai riƙe mu?" Ya ce mata, "Ke dai kawo gyaɗa, mai riƙo ba ya ƙarewa a duniya." Ɗan banzan kwaɗayi, har tsoho Kunkuru da ya saba riƙe masa ƙafa sai da Kurege ya karɓi gyaɗarsa ya yaye shi.

Ranar gwaji suka ɗunguma rafi, suka sa Malam a gaba. Sai ga Kura. Kowa ya tuɓe, kowa ya zare ido, kowa yana fizge-fizge yana ku sake ni, alhali ba mai riƙe da kowa. Kurege ya zabura kamar yadda ya saba, yana jiran ya ji an cafke shi ta baya. Shiru. Sai ga shi rigijib a gaban Kura, hancinsa a kan farcenta.

Kura ta ce, "Kai ƙanƙane, wa ya riƙe waɗancan suke ta ihu?"

Kurege ya yi wuf ya ce, "Ranki ya daɗe, ashe ba kya ganinsu? Aljanun rafin nan ne, sun ce ba sa son jini a ruwansu. Ɗaiɗai suke sakinmu, daga ƙarami zuwa babba. Ni aka fara saki. In kin gama da ni, sai Bunsuru, sai Jaki, sai Bijimi."

Kura ta duba, ga Bijimi na turza ƙasa, jijiyar wuyansa kamar igiyar guga, abin da ke riƙe da shi kuma ba ya ganuwa. Ta ce, "Na bar tukunya a wuta, ina zuwa." Har yau ba ta dawo ba.

Aka ɗauko Kurege a ka, ana guɗa. Kansa ya kumbura. Suna shiga gari ya ce a ƙaro gyaɗa ta tukuici. Jaki ya ce, "Haba Malam, ai mun biya."

"Ni kake mayar wa magana, mai dogon kunne?" Ya tuɓe riga, ya zare ido. "Ku sake ni in kashe shi!"

Ɗalibai suka ja da baya cikin ladabi, suka buɗe fili. Kunkuru ya ce, "Bismilla Malam, mun sake ka. Dama mun daɗe muna son mu ga ƙarshen karatun."

Kurege ya waiga dama, ya waiga hagu, ya rage murya ya ce, "Baba Kunkuru, ko ƙafa ɗaya ce ka riƙe."

Bai rufe baki ba Jaki ya juya masa baya. Harbi ɗaya, sai a kan rufin rumbu aka tsinto Malam.

Ƙurunƙus kan Kurege mai kumburarren baki. Ku kuma masu son faɗa, ku riƙa barin mutum ɗaya a gari bai iya ba, don a samu mai riƙe ku.