Sarkin da Ya Hana a Ambaci Kakansa

An ce wani sarki ya yi mulki a wata tsohuwar daula ta ƙasar duwatsu, tun zamanin da tarihi yake a baka, ba a takarda ba. Al'adar ƙasar ita ce, kowace kaka sarakunan garuruwa sukan taru a ƙofar fada, wani dattijo ya miƙe ya jero sarakunan daular tun daga na farko, kowane da sunan ubansa da aikin da aka san shi da shi. Sai jerin ya iso kan sarki mai ci ake buga tambari, jama'a su faɗi su yi mubaya'a. Mai wannan aiki a lokacin wani tsoho ne mai suna Arzika.

To, kakan wannan sarki, Cindo, azzalumi ne na gaske, Allah wadaran mulki irin nasa. A shekarar yunwa ya rufe rumbunan fada, ya musanya 'ya'yan talakawa da dawakan fatake. Haka kuwa ake faɗa duk shekara a gaban jikansa, har abin ya ishi jikan. Ya sa aka kirawo Arzika, ya daka masa tsawa.

"Kai tsoho, me ya fi takobina kaifi a ƙasar nan?"

Arzika ya ce, "Ya sarki, abin da uwa ta faɗa wa ɗanta tana kuka."

Sarki ya ce, "Bana za ka ce Cindo mai ciyar da mayunwata ne. In ka sake kiransa mai rufe rumbu, zan sa a cire maka harshe."

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, jikokin waɗanda aka sayar da 'yan'uwansu suna cikin taron. Ba zan dube su in yi musu ƙarya ba. Amma shiru, wannan ina iyawa."

"To, yi shirun! Kada in ji sunansa, ko da kuskure."

Fadawa suka ɗauka da "Gaskiyarka, zaki!" Ko mutum ɗaya bai tsaya ya yi tunani ba, don an daɗe da korar masu tunani daga fadar nan.

Ranar taro ta zo, fili ya cika maƙil. Arzika ya fara daga Tunau maƙeri, wanda ya sauko da mutane daga kan dutse, ya bi ta kan wanda ya zagaye gari da ganuwa, da wadda ta buɗe hanyar gishiri, har ya zo kan Ƙosau, mahaifin Cindo. Nan ya ja bakinsa, ya zauna.

Makaɗin tambari ya ɗaga hannu ya rasa inda zai sauke. Ba wanda ya faɗi don mubaya'a. Can wani sarkin gari mai furfura ya ce, "Arzika, ƙarasa mana. Wannan da ke kan gado, ta ina ya haɗu da Ƙosau?"

Arzika ya ce, "An hana ni ambaton ɗan Ƙosau. Wanda kuwa ba a ambata ba, ba ni da hanyar da zan ba shi ɗa, balle jika."

Surutu ya kaure. Sarki ya ga wasu sun fara gyara riguna za su tashi. Ya miƙe ya yi ihu, "Faɗi sunansa!"

"Ya sarki, suna kaɗai, ko da aikinsa? A ƙasar nan ba a raba su, kuma harshe ɗaya gare ni."

Sarki ya dubi masu shirin tafiya, idonsa jawur. Daga baya ya ce, da muryar da ba a san shi da ita ba, "Da aikinsa. Harshenka naka ne."

Arzika ya tashi ya ɗaga murya, "Cindo ɗan Ƙosau, mai rufe rumbu, mai sayar da 'ya'yan mutane!" Wasu tsofaffin mata suka fashe da kuka. Arzika ya kira uban sarki, ya kira sarki, sannan tambari ya tashi.

Da aka watse, sarki ya ce masa cikin kunya, "Yaya zan wanke kakana?"

Arzika ya ce, "Ya sarki, ba ka iyawa. Adalci kaɗai ke gyara sunan mai mulki, shi ma sai yana da sauran numfashi."