Gafiya da Baƙuwa Mai Shan Jini

An yi wata tsohuwar Gafiya mai girman kai da ke zaune cikin wani suri a bakin gona. Saboda baƙar maganarta, 'yan'uwanta duk sun watse sun bar ta. Tsaka kaɗai ta rage, mai faɗin gaskiya ko ba a tambaye ta ba.

Wata rana da yamma sai ga wata 'yar mitsitsiyar Ƙuda, irin ƙudan rairayi, wadda ko sauro ya fi ta girma. Ta sauka a kunnen Gafiya, daidai wani gyambo da ya ƙi warkewa.

"Ranki ya daɗe, sarauniyar suri," in ji Ƙuda. "A ba ni masauki, in riƙa ɗebe miki kewa."

"Kada ki yarda," in ji Tsaka. "Jini take sha. Cutar da ke jikinki za ta kwasa ta kai wa mutane. Matsa in lashe ta."

Gafiya ta harare ta. "Wa ya sa da ke? Tun da muke tare, kin taɓa ce mini sarauniya? Tattara ki bar mini gida."

Tsaka ta fita ba ta waiwaya ba.

Kullum Ƙuda sai ta sha jinin Gafiya ta ƙoshi, ta tafi gidan Tanimu mai gonar, ta dawo da labarai. Gafiya ta san abin da ke kawo ta, amma shirun ramin ya fi cizon ciwo. Ta kan wuni tana kallon ƙofa. Ƙuda kuwa ta zuba ƙwai a damshin surin, 'ya'yanta suka cika shi.

Bayan 'yan watanni, wani ƙurji ya fito a hannun Tabawa, matar Tanimu, ya zama gyambo. A asibiti aka ba ta magani, aka ce musu ƙudan da ke ɓuya a ramukan namun daji ne ke ɗauko cutar. Washegari Tanimu ya saɓo diga ya nufi surin.

Da kyar Gafiya ta tsira ta wata kafa, ta laɓe a gindin kalgo tana kallon gidanta yana zama tarin ƙasa. Sai ta hango Ƙuda za ta wuce.

"Tsaya mu tafi tare," in ji Gafiya.

"Mu tafi ina? Ke da ba ki da ko rami? Jini ai ko'ina akwai shi."

Ta yi gaba abinta.

Gafiya ta daɗe zaune. Can ta fara tonon sabon rami da tsofaffin faratanta, tana yi tana magana, ba mai amsa mata.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya kori mai faɗa masa gaskiya don jin daɗin yabo, zai cutar da maƙwabtansa, kuma ranar da ya shiga uku shi kaɗai zai shiga.