Randuna Uku na Shekarau Marini

A zamanin da, tun fatake na keta daji da jakuna ayari-ayari, an yi wani Sarki wanda arzikin ƙasarsa duk a kan rini ya dogara. Turkuɗin garinsa, wato baƙin zanen da aka rina, in aka ɗaga shi a rana, sai ka ga yana walƙiya kamar wuyan tantabara.

Ana nan sai rini ya lalace. Zane wanki ɗaya ya koɗe, rawani ya bar wa mai shi shuɗin goshi. Fatake suka fara wuce garin ba su ko sauke kaya. Sarki ya kira Waziri ya ce, "Me ya sami marinata?"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, sata ce. Baban rini da ake auna wa marina daga rumbunka suke ragewa."

Aka kama Sarkin Marina, wani dattijo Korau, aka yi masa bulala aka kore shi daga ƙasar. Shekara ta zagayo, rini bai gyaru ba. Aka kama wanda ya gaje shi, Jatau, shi ma aka yi masa haka. A shekara ta uku rawani ya faɗo kan Shekarau.

Shi Shekarau ya ba hamsin baya da kaɗan, furfura ta kama gemunsa, hannuwansa sun rine har gwiwa. Tun yana saurayi mutum ne mai saurin yanke magana, abin da ido ya fara nuna masa shi ne gaskiya. Shi ne ma ya ba da shaida a kan Korau, don ya taɓa ganinsa ya fito daga marina da buhu a ka. Ranar da aka naɗa shi, Waziri ya ce masa, "Kwana uku na ba ka. Ka kawo sunayen ɓarayi, ko ka bi sawun na gabanka."

Ya koma gida da la'asar, ya tarar da matarsa Tasalla tana tuƙa sabulu a tsakar gida. Ya zauna yana lissafa sunayen mutane da yatsu.

Tasalla ta ce, "Maigida, an kori biyu, rini ya dawo?"

"Bai dawo ba."

"To in ka ba da na uku, me zai sa ya dawo? Ni bara waccan sabuluna ya ƙi haɗuwa. Na zargi mai, na sake mai, bai yi ba. Na zargi tukunya, na sake, bai yi ba. Sai na zauna na ce, wai me ya sauya tsakanin lokacin da yake yi da lokacin da ya daina? Ashe tokar da nake saye ce. Na koma ta murhuna, ga shi nan kana gani."

Shekarau ya daina lissafin sunaye. Toka ai ita ce ke tayar da baba a cikin karofi, wato ramin rini. Shekara talatin yana zuba ta, bai taɓa tambayar kansa daga ina take zuwa ba. Kunya ta kama shi, bayan kunyar kuma sai fushi.

Da gari ya waye ya bi marina karofi-karofi yana tambaya ɗaya: yaushe ya fara? Kowa ya ce damina uku ke nan. Me ya faru damina uku da suka wuce? Gobarar kasuwa. Me aka yi bayan gobarar? Sarki ya hana ƙona kara a cikin gari, masu toka suka koma bayan ganuwa. Shekarau ya ɗauki sandarsa ya fita ƙofar gari. Can a gangaren kwari ya ga tsibin toka a fili, babu rumfa, ruwan sama ya yi mata hanyoyi har ƙasa. Ya ɗebi kaɗan ya ɗora a harshe. Tokar kirki cizo take yi. Wannan lami, kamar ƙasa.

Rana ta uku fada ta cika. Waziri ya ce, "Sunaye."

Shekarau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ban kawo ko ɗaya ba, kuma ba zan kawo ba."

Fadawa suka ɗauki salati. Dogarai suka matso. Waziri ya ce, "Ka san inda kake kuwa?"

"Na sani. Nan ne na tsaya na ce na ga Korau da buhu, ba wanda ya tambaye ni me ke cikin buhun, ni ma ban tambayi kaina ba. Ba zan sake ba. In bulala ce, ga bayana. Amma in an gama, rininku zai ci gaba da zuba."

Sarki ya ɗaga hannu, dogarai suka tsaya. Ya ce, "Kai marini, bakinka ya yi kaifi. In ba sata ba ce, mene ne?"

"Allah ya ja zamaninka, in na faɗa da baki za a ce ƙarya nake don in tsira. A ba ni randuna uku a nan cikin fada, da ruwan rijiya ɗaya. Ta fari a zuba baban marina da tokar bayan gari, yadda muke yi kullum. Ta biyu Waziri ya auno baba da hannunsa daga rumbunka, mudu cike, a haɗa da wannan tokar. Ta uku baban marina, wanda aka ce mun rage, da tokar murhun matata. Abu ɗaya kawai ya bambanta kowace da ta fari. Dogarai su tsare, kada a bar ni in matso sai ranar buɗewa."

Waziri ya yi murmushi ya ce, "Zaki, a yi masa. In randata ta kama, an gama magana."

Shekarau ya ce, "In ta kama, a sare hannun nan."

Aka yi yadda ya ce. Kullum dogari ke motsa randunan, Shekarau na kallo daga nesa, shi ma bai taɓa gwadawa ba. Da kwanaki suka cika, aka kawo farin ƙyalle uku aka tsoma, aka shanya, aka wanke a gaban jama'a. Na farko ya fito fari-fari. Na Waziri, duk da mudunsa cike, bai fi shi da komai ba. Na uku kuwa ya fito baƙi wuluk, ruwan wankinsa garau.

Sarki ya ce, "To wa ya ɓata tokar? A kamo masu toka."

Shekarau ya ce, "Ranka ya daɗe, haka muka yi har muka rasa mutum biyu. Masu toka ba su zaɓi bakin kwari ba, kora aka yi musu. Ruwan sama ke wanke ƙarfin tokar, don tana fili. Tana fili don an fitar da ita daga gari ba a yi mata rumfa ba. An fitar da ita kuwa da umarni."

"Umarnin wa?"

Shekarau ya ɗaga kai ya dubi Sarki ido cikin ido, abin da ba a yi. Ya ce, "Naka."

Wani bafade ya zabura, Sarki ya daka masa tsawa ya koma ya zauna. Sarki ya daɗe yana juya ƙyallen nan na uku a hannunsa. Can ya ce, "Hana wuta a gari daidai ne, ba zan janye ba. Amma na hana, ban bi na ga abin da hanin ya haifar ba, wanda na ɗora wa bin kuwa ya kawo mini bayan mutane a yi musu bulala." Ya juya ga Waziri. "Da na tambaye ka me ya sami marinata, ka je marinar?"

Waziri ya sunkuyar da kai. "Ban je ba, Zaki."

Nan take Sarki ya yi umarni a gina rumfuna bayan ganuwa, a ɗaga daɓensu, a rufe toka. Ya ce daga ranar ba za a ɗora wa kowa bulala a ƙasarsa ba sai mai ƙara ya je da ƙafarsa ya ga abin, ya kuma faɗi lokacin da ya fara da abin da ya sauya. Waziri kuwa aka ce ya cire alkyabba, ya tafi da kansa ya nemo Korau da Jatau duk inda suke, ya roƙe su gafara a gaban mutanen garin da suka sauka.

Shekarau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a bar ni in bi shi. Rabin wannan roƙon nawa ne."

Sarki ya yarda. Kafin damina ta gaba ta ƙare fatake sun dawo, jakuna sun cika ƙofar gari. Amma tsofaffin garin, in suna ba da labarin, ba nan suke tsayawa ba. Sukan ce an ga mutum biyu sun fita ƙofar yamma da hantsi, a ƙasa, babu doki babu rakiya, marini a gaba da sandarsa, Waziri na biye yana tambayarsa hanya.