Sarkin da Ya Rinjayi Dutse

An ce wani sarki aka yi a zamanin da, mai son a kira shi adali, mai son miyar taushe fiye da haka. Ya gaji wata al'ada daga kakanninsa: in kaka ta yi, sai a kafa ƙaton mizani mai kwando biyu a ƙofar fada, sarki ya shiga kwando ɗaya, a zuba gero a ɗayan har su daidaita. Wannan shi ne awon sarki, shi kowane gida zai kawo. Sarkin nan ya hau gadon sarauta yana siriri, amma daɗin fada ya karɓe shi. Ba zan zage shi ba, domin ni mai ba ku labarin nan, da ni ake sawa a kwandon, da tuni ƙasar ta tashi.

A wani ƙauye kuwa akwai wani dattijo, Malam Nomau, mai koya wa ƙananan yara awo. Yakan ba su igiya su gwada tsawon turmi, ya ba su ƙwarya su ga ruwan da tulu ke ci, ya sa su ɗora auduga da ƙarfe a mizani su ga wanda ya rinjaya. Yana da wani dutse da ya daidaita da awon sarki tun shekarar naɗi, da shi yaran ke koyon nauyi.

Wata shekara damina ta yi gardama. Yara suka auna geron iyayensu da dutsen, aka kai fada, fada ta ce bai kai ko rabi ba. Ba abin da ya saura a rumbuna sai iri. In aka cika da shi, baɗi ba shuka. Hankalin mutane ya tashi ƙwarai. Malam Nomau ya ɗora dutsensa a kan jaki, ya nufi birni.

Da ya isa fada, ya faɗi gaban sarki ya yi gaisuwa, sai waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ne tsohon da ke koya wa yara cewa awonka ƙarya ne."

Sarki ya ce, "Ya kai dattijo, me kake koyarwa?"

Ya ce, "Ya sarki, abu kaɗan ne, don ni ma ilimina bai fi na yaran da yawa ba. Nakan ce su yi wa kowane abu tambaya uku: ina tsawonka, ina nauyinka, wane wuri ka ci? Sannan su yi wa ma'aunin tambaya ɗaya."

"Wace ce?"

"Su tambaye shi ko yana cin tuwo."

Fadawa suka bushe da dariya. Sarki ya ɗaure fuska ya ce, "Ban ƙara wa kowa komai ba. Sarki ɗaya, awo ɗaya, tun zamanin kakana. Wane adalci ya fi wannan?"

Malam Nomau ya ce, "Gaskiya ne, ya sarki. To ni da dutsen nan muke da ƙara. Ranar da aka naɗa ka, nauyinku ɗaya da shi. Yanzu an ce geron da ya auna bai kai ba. Ko dai dutsen ya rame, ko kuwa akwai wata magana. Ka shiga kwando ka raba mu. In kun daidaita, ni na ɓata yara, a kwashe irin, a haɗa da ni, ko da yake ba zan ƙara wa awon komai ba."

Waziri ya shiga ƙifta wa sarki ido, amma sarki bai taɓa shakkar kansa ba. Aka sa dutse, sarki ya tattara riga ya shiga. Kwandonsa ya daki ƙasa har ƙura ta tashi, dutsen kuwa ya yi sama yana lilo. Kowa a fada ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe.

Sarki ya dubi dutsen, ya dubi tumbinsa, kunya ta rufe shi. Can sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da hawaye. Ya ce, "Waziri, ashe shekara da shekaru ina cewa ban ƙara haraji ba, alhali kullum da rana ina ƙara shi da cokali! Ka ga geron mutanen nan? Ga shi nan a cikin rigata."

Ya so ya fito ya kasa, sai da dogarai suka kama shi ta hammata. Yana haki ya ce a mayar wa ƙauyuka duk abin da ya haura dutsen, a bar musu irinsu. Ya ce kuma daga ranar dutsen ne zai riƙa shiga kwando a madadinsa, a sassaƙa irinsa a kai wa kowane malamin yara.

Malam Nomau ya ce, "Ya sarki, ka raba ni da dutsena ke nan."

Sarki ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam, ya fi ni cancanta, shi ba a kai masa akushi. Mai mulkin da ya mai da kansa ma'auni, duk ƙibar da ya yi, a jikin talaka aka yanko ta."